Yadda Ake Haɗa Teburin Katako Zalla da Hunturun Kano Ba Zai Tsaga Shi Ba

Duk kafintan da ya daɗe a Kano ya san lokacin da ake dawo masa da aiki: tsakanin Disamba da Fabrairu. Teburin da aka kai gidan mai shi da damina lafiya ƙalau, sai ga shi ya tsage daga baki har tsakiya, ko ƙofar kabad ta bar giɓin da yatsa zai shige. Mai kaya ya ce an cuce shi, kafinta ya ce laifin katako ne, mai katako kuma ya ce shi busasshe ya sayar. Wannan rigima na cikin abin da ya tura mutane da yawa ga allon MDF da HDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, musamman a kayan ɗakin amare, tun da shi allo ba ya tsagewa. Amma kuma ba ya jure ruwa, ba ya jure kwance-ɗaure idan ana ƙaura, kuma ba kayan da za a bar wa jikoki ba ne.

Katako zalla yana yin ƙarko a Kano, in dai an gina shi da sanin cewa zai motsa. Ko bayan an yanke icce an busar da shi, katako bai daina shan laimar iska yana fitar da ita ba. A watan Agusta laimar iskar Kano takan haura kashi 70 cikin ɗari, da hunturu kuma takan sauka ƙasa da kashi 20. Danshin da ke cikin katako yana bin wannan hawa da sauka: idan laima ta kai kashi 80 yakan tsaya wajen kashi 16, idan ta sauka zuwa 20 ya koma ƙasa da kashi 5. Motsin nan a faɗi yake faruwa, tsawo kusan ba ya canzawa. Saman tebur mai faɗin ƙafa 3 na iya ƙaruwa ko ya tsuke da kusan rabin inci tsakanin damina da hunturu. Kusa ba ta hana shi, gam ba ya hana shi. Idan ka ɗaure shi ya rasa hanya, zai nema wa kansa hanya ta tsagewa.

Za mu bi aikin teburin cin abinci na mutum shida: tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, tashi inci 30 daga ƙasa. Wanda ya iya wannan, gado da kabad ba za su gagare shi ba, domin ƙa'idar ɗaya ce.

Zaɓen katako

Ka shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa da tef, da alli, da ƙaramin filen ko cizal mai kaifi da za ka kankare fuskar falanki ka ga ainihin launinsa. Kada ka aiki yaro, wannan sayayya ta maigida ce.

Na fi son mahogani a aikin tebur. Wanda ake kawowa daga kurmin kudu ya fi sauƙin guga, maɗacinmu na arewa kuma danginsa ne, ya fi shi nauyi da tauri. Loko, wanda a kasuwa aka fi kira iroko, yana jure gara da ruwa ƙwarai, sai dai yana da maiƙo, ƙurarsa tana damun hanci da ƙirji, wani lokacin kuma akan ci karo da wani farin abu mai tauri a cikinsa da ke dakushe wuƙar inji. Kawo yana da nauyi, motsinsa kaɗan ne, kuma yana da kyau in ka samu mai lafiya. Malaina da afara da obeche masu sauƙin kuɗi ne, suna da amfani a cikin durowa ko bayan kabad, amma saman tebur na obeche ko farce ka danna sai ya lotsa. Madobiya kuwa ta fi su duka ƙawa, amma an yi mata saran ƙare dangi a Taraba da maƙwabta saboda kasuwar China, har aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. In ka samu tsohuwar ƙofa ko gado na madobiya da za a sake sarrafawa, wannan ya fi mini kwanciyar hankali.

Idan ka ɗaga falanki, fara duba bakinsa. Za ka ga layukan da'ira na girman icce. Falankin da cibiyar iccen ta ratsa ta cikinsa, ajiye shi, ko a arha aka ba ka, don daga nan tsaga take farawa. Wanda layukan suka tsaya a miƙe daga fuska zuwa fuska shi ne na gari, motsinsa kusan rabin na wanda layukan suka kwanta ne. Farin gefen da ke kusa da ɓawo abincin ƙwari ne. Ka lissafa shi cikin abin da za a yanke a zubar, kuma idan ka ga ƙananan huji da gari na zubowa, ƙwaron yana ciki. Sai ka kafa ido ɗaya a bakin falankin ka hango tsawonsa. Ɗan lanƙwasa ana gyara shi, amma wanda ya murɗe zai cinye maka rabin kauri kafin ya miƙe.

Don saman tebur ka sayi mai kaurin inci 2, domin yawancin katakon kasuwa yankan injin sarƙa ne, kafin fuska biyu su daidaita ka sauko inci ɗaya da kwata ko da rabi. Ƙafafu daga mai inci 3 sau 3, sandunan da ke haɗa ƙafafu daga mai inci ɗaya. Ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu a kan lissafinka saboda asara.

Busarwa

Nan ne ake cin riba ko a faɗi, kuma nan ne kowa yake gaggawa. Katakon da ya sauka daga mota daga Edo ko Ondo ko Kuros Riba ya fito ne daga ƙasar da laima ba ta rabuwa da ita. Ko da ya bushe a can, bai bushe da ma'aunin Kano ba. Taɓa fuskarsa ba zai gaya maka komai ba, waje na iya bushewa ciki na jiƙe.

Da ka kai shi shago, ka shafe bakunan biyu da ragowar fentin mai ko narkakken kyandir. Ruwa ya fi saurin fita ta baki, shi ya sa can ne yake fara tsagewa. Sai ka shimfiɗa bulo ko katakai masu kauri a wuri madaidaici, tashi kamar ƙafa ɗaya daga ƙasa, ka jera falankai a kai, tsakanin kowane layi da na samansa ka sa busassun 'yan sanduna masu kauri ɗaya, tazarar ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowace sanda ta hau daidai kan ta ƙasanta. Idan suka saɓa, falankin zai bushe da lanƙwasa. A can sama ka ɗora nauyi.

A inuwa za ka yi wannan, inda iska ke wucewa. Al'adar jingina falanki a bango cikin rana tana busar da fata ne ta bar ciki, sai fuskar ta yi ƙananan tsage-tsage da ba za ka gani ba sai ka shafa banish. A ƙasashen sanyi akan ce shekara guda ga kowane inci na kauri. Mu a nan ya fi haka sauri, matsalarmu ma saurin ne ya yi yawa: idan ɗanyen katako ya zo maka a tsakiyar hunturu, ka rufe gefen da iska ke bugowa da buhu na 'yan makonnin farko. Shawarata ita ce katakon da za a yi aikin ƙwarai da shi ya ga hunturu guda cikakke a shagonka.

In kana da na'urar auna danshi, ka nemi kashi 8 zuwa 10, kuma ka auna a sabon yanka, ba a tsohuwar fuska ba. In babu, yanko guntu daga falanki ɗaya, ka fente bakinsa, ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako kana rubuta nauyin a jikinsa. Ranar da nauyin ya daina sauka makonni uku a jere, ya daidaita da iskar wurin.

Yanka da guga

Kada ka kai katako ga ma'auninsa na ƙarshe a rana ɗaya. Yanke kowane yanki da rarar inci 2 a tsawo da kwatan inci a faɗi, a goge fuska biyu sama-sama a inji, ana cire daidai da daidai daga kowace fuska, sannan ka sake jera su kan sanduna mako guda. Wanda zai karkace zai nuna halinsa a wannan makon, tun kana da sauran naman gyarawa.

Falankan saman tebur ka tsaga su zuwa faɗin inci 5 ko 6. Guda shida zuwa bakwai za su ba ka ƙafa 3. Mai inci 12 yana da kyaun gani, amma ya fi saurin yin kwari a tsakiya. Bayan mako, ka miƙar da fuska ɗaya, ka miƙar da gefe ɗaya ya yi daidai da sikwaya, ka yi musu alamar fensir. Duk wani awo daga waɗannan biyun zai tashi.

Mahogani yana da zare mai saɓa wa juna, wani layi ya nufi gaba wani ya nufi baya, shi ya sa filen kan fizge masa nama. Maganin shi ne kaifi da ɗiba kaɗan-kaɗan. A wasa wuƙar filen da cizal a kusurwar digiri 25, a ƙarasa bakin a 30, a goge bayan wuƙar ya kwanta sumul a kan dutse. Inda ya ƙi, a koma ga makankarin ƙarfe. Yaron da aka koya wa wasa ƙarfe kafin a ba shi zarto ya fi saurin zama kafinta.

Haɗa ƙafafu

Kusa da gam da 'yar katako a kusurwa, wannan haɗin bencin makaranta ne. Tebur na son rami da harshe: a huda rami a ƙafa, a fitar da harshe a bakin sanda ya shige ciki.

Ƙafa ta ƙare a inci 2 da uku bisa huɗu kowane gefe, sanda kuma faɗin inci 3 da rabi. Kada ta wuce 4, in ba haka ba cinyar mai zama za ta riƙa bugunta. Rami ake fara yi, domin rage harshe ya fi sauƙi a kan cike rami. Faɗinsa uku bisa takwas na inci, zurfi inci ɗaya da kwata, kuma ka bar aƙalla rabin inci a saman ƙafa ba a huda ba don kada bakin ya fashe. Ka ɗan matsar da ramukan wajen fuskar waje ta ƙafa, saboda harsuna biyun da za su shigo daga ɓangare biyu kada su yi karo a ciki. Ka jera ƙafafu huɗun wuri ɗaya ka ja musu layi tare, ka rubuta wa kowace matsayinta, don huda rami a fuskar da ba ita ba abu ne mai sauƙin faruwa. Cire yawancin naman da diril, ka gyara bangon ramin da cizal.

Wajen harshe, layin kafaɗa, wato inda harshe ya fara a jikin sanda, da wuƙa za ka ja shi, ba da fensir ba, don shi ne ido zai gani. Yanke da ɗan rara, ka riƙa ragewa kana gwadawa. Harshen da ya yi daidai yana shiga da ƙarfin hannu, kuma in ka ɗaga ƙafar sandar ba ta zamewa. Wanda sai da guduma ya shiga zai fasa ƙafa da damina. Wanda ke lilo kuma gam ba zai cece shi ba, sai dai ka manna masa siririn katako ka sake yankewa.

Tun kafin ka sa gam, ka ja tsagi a fuskar ciki ta sanduna huɗun, faɗi da zurfi kamar kwatan inci zuwa uku bisa takwas, rabin inci ƙasa da bakin sama. Za mu dawo kansa.

Haɗa komai ba gam tukuna, ka matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon biyu ya zo ɗaya, aikin ya tsaya daidai. Sannan ka sa gam kashi biyu: gajerun ɓangarori yau, dogaye gobe. Farin gam irin su Top Bond ya wadatar, amma da zafin Maris da Afrilu yana fara kamawa cikin 'yan mintuna, don haka da sassafe ake wannan aiki, kilam a buɗe, tsumma mai danshi a kusa. In loko ne, a goge wurin da tina a bari ya sha iska kafin gam. A ƙarshe ka sa katakon ƙarfafawa a kusurwoyi huɗu da sukur, da sanda ɗaya a tsakiya.

Saman tebur

Jera falankan a kan benci kana jujjuya su har launi da zare su dace. Wasu na cewa dole a saɓa layukan baki, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ni kyaun fuska nake fara dubawa, in katakon ya bushe kuma ba shi da faɗi, saɓawar ba ta da wani tasiri sosai. Ja babban alamar fensir da ta ratsa dukansu don kada jerin ya rikice.

Gefunan da za su haɗu, ka naɗe biyu-biyu fuska a waje ka goge su tare da dogon filen. Ko hannunka ya ɗan karkata, karkatar ɗaya za ta cike ta ɗayan. Ɗora ɗaya kan ɗaya ka duba ta wajen haske. Giɓi a baki haramun ne, domin baki ne ke fara tsukewa da hunturu. Ɗan siririn giɓi a tsakiya da kilam zai rufe ba laifi, yana ma ƙara matse bakunan. Gefen da ya haɗu da kyau gam kaɗai ya ishe shi, dawul, wato 'yan gajerun sandunan da ake sokawa tsakanin falankai, don daidaita fuska ne kawai. Kilam ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, tazarar ƙafa ɗaya, a matse har gam ya fito ƙanana-ƙanana a tsawon layin. A bar shi kwana guda.

Ga inda mafi yawan teburan Kano ke mutuwa. Kafinta ya shafa gam a kan sanduna, ya ɗora saman, ya bi shi da kusa ko sukur ta ko'ina. Sandar da ke gicciye ba ta tsukewa a tsawonta, saman kuwa yana son ya tsuke a faɗinsa. Ɗaya dole ya ba da kai. Haka ma wanda ya manna katako a gicciye a bakin tebur don ɓoye baki.

Ba a sa gam tsakanin sama da ƙafafu. Ka yanka ƙananan katakai kamar goma sha biyu zuwa sha huɗu, kowanne inci 2 da ɗan harshe a gefe ɗaya, zaren katakon yana bin tsawon harshen don kada ya karye. Kife saman a kan bargo, ka ɗora ƙafafun a kai, ka sa harshen kowane guntu cikin tsagin nan da ka ja, ka ɗaure guntun da sukur ɗaya a jikin saman tebur. Ya riƙe gam-gam, amma yana iya zamewa. Lokacin da kake aikin shi zai gaya maka yadda za ka sa na dogayen sanduna: in da hunturu ne, kada harshen ya kai ƙarshen tsagi, bar masa wuri, don saman zai kumbura ya tura shi ciki. In da damina ne, tura shi sosai, don zai ja baya. Sandar tsakiya ma ramukan sukur ɗinta a tsawaita su, na tsakiya kaɗai za a bari zagayayye. Wannan lissafin ne kuma ake yi wa durowa da ƙofar kabad: wadda aka yi wa cif-cif a Janairu ba za ta buɗu a Agusta ba.

Sanfefa da shafi

Fara da lamba 80 in akwai sawun inji, sai 120, 180, ka tsaya a 220. Kada ka tsallake, kuma kullum ka bi zare. Duk inda gam ya bushe a fuska a kankare shi tas, in ba haka ba zai fito fari a ƙarƙashin shafi. Ka sa takunkumi, musamman a kan loko.

Mahogani yana da ƙananan ramuka a fuska. Mai son sumul sai ya shafa sila, wato shafin farko mai toshe ramukan, sau biyu ko uku yana gogewa da 320 a tsakani. Teburin cin abinci zai ga miya da shayi mai zafi, don haka banish na foliyuritan ya fi na feshin da ake sirkawa da tina juriya, ko da yake ya fi jinkirin bushewa. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Yawan shafin da ka yi wa sama, ka yi wa ƙasa irinsa, da bakunan biyu. Fuskar da aka bari tsirara za ta riƙa shan laima fiye da ɗayar, saman ya lanƙwashe. Kuma don Allah a daina rufe katako mai tsada da kala mai duhu har zarensa ya ɓace. In haka za a yi, da malaina aka saya.

Kowane lokaci da fitinarsa. Da hunturu ƙura ce: a share shago tun dare, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi shafi da sassafe ƙofa a rufe da labule. Da damina kuma na feshi kan yi fari-fari idan laima ta yi yawa, sai a jira rana ta buɗe. Tsumman da ya sha man linsid, wani man da ake shafa wa katako, yana iya kamawa da wuta da kansa in aka dunƙule shi, a baza shi a waje ya bushe ko a jefa shi cikin ruwa. Shagon da ke cike da ɓawon katako da tina ba wurin sakaci ba ne.

Game da gara, baƙin man mota da wasu ke shafawa na katakon rufi ne, ba na abin da za a ci abinci a kai ba. Jan cikin loko da kawo suna kare kansu. Ga sauran, a shafa maganin gara a ƙasan ƙafafu da fuskokin ciki kafin banish, a sa 'yar roba a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta sha ruwan mopin.

Ranar kai kaya, ka kwance saman ka ɗauke shi daban, ya fi sauƙin shiga ƙofa da hawa bene. Bayan ka ɗaure, ka nuna wa maigidan ko uwargida guntayen nan na ƙasa, ka gaya musu kada wani mai gyara ya zo ya bi su da kusa. A nisanta teburin daga tagar da rana ke dukansa da kuma bakin na'urar sanyaya ɗaki, a riƙa goge shi da tsumma mai ɗan danshi kawai. In hunturun farko ya wuce, ka leƙa ka duba sukurorin, wanda ya saki ka ƙara masa rabin juyi.